Wuyan Tulu

A Kangire, da rani, bayan an kai amfani gida,
kakata Tasalla na zaune, yumɓu har gwiwar hannu.
Ta gama tulu. Ciki ya fito, gindi ya zauna.
Sai ta ɗauki totuwar masara
ta mirgina a wuyansa sau uku,
ta bar sawu ƙanana, kamar zabi sun bi ta rairayi.

Na ce, Iya, wannan fa na mene ne?
Ba ya ƙara wa ruwa sanyi,
ba ya hana tulu fashewa.
Ta ce, miƙo min tsumman can.

Da la'asar na kai maganar gindin tsamiya.

Malam Ilu, da ya tsufa da alli a hannu,
ya ce fasaha kwaikwayo ce:
Allah Ya yi zabuwa, hannu ya ari zanenta,
inuwa ce kawai, ba ta da nata jiki.
Cindo gyartai ya furzar da goro.
In haka ne, in ji shi, madubi ya fi mu duka,
ni kuwa ban taɓa jin an yi wa madubi kirari ba.

Jatau mai kalangu ya dafa ƙirji.
Abin da ya cika nan ne, ya rasa ƙofa,
sai ya ɓulla ta yatsu.
To, kukan jinjiri ma daga nan yake,
wa ya taɓa liƙa masa kuɗi a goshi?

Ɗan Uwale, wanda ke aiki a Dutse,
ya gyara zaman hula ya ce duk kun yi nisa.
Bara wani ya sayi randa mai tsaga a garin nan,
yau tana birni cikin gilashi,
da lamba a gindinta, an hana taɓawa.
Abin da masana suka nuna da yatsa, shi ne fasaha.
Cindo ya yi dariya har da tari:
ashe shekara goma kajinmu na shan ruwa a ciki
ba su san darajar bakinsu ba.

Aka kira magariba. Kowa ya tashi da tasa.

Washegari na taka har duwatsun Birnin Kudu
inda wasu, tun ba a san ƙirgen shekaru ba,
suka zana shanu a jikin dutse.
Ba sunan mai zane, ba wanda ya taya.
Shanun ba su ba da nono,
amma na tsaya gabansu har rana ta karkata,
ina jin kamar an yi min sallama daga nesa
da harshen da ba na ji.

A hanyar dawowa na ga sheƙar marai tana lilo.
Saƙa ce, ta fi ta kowa a ƙauyenmu.
Sai dai marai ba ya iya fasawa,
bai taɓa wayar gari ya ce yau ba na yi ba.

Na faɗa wa Iya haka, tana jera kara kan tukwane.
Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce:
shekarar da babanka ya rasu
na gina tulu arba'in, ko ɗaya ban yi wa wuya ba.
An saye su kaf. Ba wanda ya yi yoyo.
Sai Kande ta leƙo ta katanga ta ce,
Tasalla, lafiya? Tulunki ya yi shiru.

Ta kyasta ashana.

Yanzu shekara shida da binne ta.
Cikin dare, in ƙishi ya tashe ni,
ba na kunna fitila.
Ina lalube cikin tuluna uku na bayan ƙofa
har babban yatsana ya faɗa kan sawun totuwa.
A nan nake tsayawa kaɗan
kafin in nemi moɗa.